Rabon Mai Taya Cirewa

Da yammacin wata Talata a ƙarshen Oktoba na ce ni zan je in naɗe ragogi. Ba wanda ya sa ni. Renske tana kan tebur tana sa wa tsuntsayen ƙarshe zobe, Huib yana wanke tukunyar gahawa yana rera wata waƙa da shi kaɗai ya san inda ta dosa, ni kuwa na riga na zura takalman roba na rataya jakunkunan yadi da muke sa tsuntsaye a wuya.

Bukkarmu tana cikin tuddan rairayi, tafiya kaɗan daga bakin teku. Duk kaka, idan ƙananan tsuntsaye suka taso daga arewa za su kudu, ta kanmu suke bi. Mu kafa musu raga mai siririn zare wadda ido ba ya gani, mu ciro su, mu auna, mu sa musu zobe a ƙafa, mu sake su. Kafin duhu dole a naɗe kowace raga a ɗaure, don tsuntsun da ya kwana a raga gawa ne da safe. Naɗewa aikin sababbin zuwa ne, ni kuwa na fi shekara talatin a wurin. Amma a kakar nan kullum ni ce mai zumbur in ce zan je, saboda a can ba mai kallon hannuna.

Goggo Leida ake ce mini a bukka, har Huib da ya girme ni haka yake kirana don neman magana. Rabin masu sa zobe na gaɓar nan ni na koya musu, har da Renske da take shugabarmu yanzu. Da abu biyu aka san ni, hannu da baki. Hannun yana zare tsuntsu daga raga ko gashi ɗaya bai tashi ba, bakin kuwa ya sha sa ƙarti share hawaye a bayan bukka. Ni na kafa dokar cewa wanda raga ta fi ƙarfinsa ya kira taimako nan take, don tsuntsu ba ya jiran girman kan kowa. Ni na kafa ta biyu ma, cewa wanda hannunsa ya fara rawa ya ajiye filaya ko shi wane ne, don ƙafar da muke matsa wa zobe ba ta kai tsinken ashana kauri ba. Da bakina na faɗa, ba sau ɗaya ba, ina buga tebur. To, wanzami ba ya son jarfa.

A farkon bazara hannuna na dama ya fara rawa. Da fari babban yatsa ne kawai, kamar yana neman wani abu a jikin ɗan uwansa. Kafin ganye ya fara zuba abin ya kai wuyan hannu. Likita ya ba shi wani suna mai tsawo, ya ce ba a warkewa, sai dai lallaɓawa. Na fito daga wurinsa na hau kekena, ban gaya wa kowa ba. Na koyi dabaru kamar ɓarauniya. Hannu a aljihu. Gahawa rabin kofi don kada ta zube. Idan an kawo jakunkuna tebur in ce tabarau ya dame ni, ko in tuna da wata sandar raga da ta karkace a can nesa. Kunyar abin ta fi ciwon damuna. Ni da na raina hannun kowa, ga shi ba na iya zura zare a allura, kuma na san ranar da Renske ta gani dokata za ta maimaita mini.

Wani zai ce mene ne a ciki, tsohuwa ta ajiye filaya ta je ta huta. Wanda bai taɓa riƙe tsuntsu mai rai ba ne zai faɗi haka. Abu ne da ya kwana yana tafiya a kan ruwa, ya sauka a tafinka da ɗuminsa, ya dube ka da ido ɗaya ba tsoro ba godiya, sannan ka buɗe yatsu ya ci gaba da harkarsa. Ba ni da miji, ba ni da ɗa, ba inda ake jirana da asuba sai bukkar nan. Idan aka karɓe filayar ban san me zan tashi in yi ba.

Ran Talatar da rana asirina ya kusa tonuwa. Huib ya miƙo mini wani jan-ƙirji ya ce in sa masa zobe, shi aiki ya yi masa yawa. Ba yadda zan ƙi. Na riƙe tsuntsun da hagu, na ɗauki filaya da dama, sai zoben ya suɓuce, ya yi tsalle a tebur, ya gangara ƙarƙashin benci. Huib ya durƙusa yana nema yana cewa yau Goggo ta yi ɓari, a buga ƙararrawar coci, gobe ita za ta sayo kek. Aka yi dariya, har da ni. Renske ce kaɗai ba ta yi ba. Ta sunkuyar da kai kan ma'auni kamar ba ta ga komai ba, kuma sunkuyon nan ya fi mini mari zafi.

Can an jima ta same ni a waje ina shanya jakunkuna. Ta tsaya tana taya ni ba tare da na nema ba, ta ce idan akwai abin da nake so in gaya mata, ita dai har gobe yarinyar nan ce da na koya wa riƙe tsuntsu. Na ce mata abin da nake so in gaya mata shi ne ta daina barin jaka a jiƙe a cikin kwando. Ta ce to, Goggo, ta koma ciki. Na bi bayanta da kallo ina jin haushin kaina, amma ban kira ta ba.

Shi ya sa da yamma na riga kowa zura takalmi.

"In zo in taya ki?" in ji Huib, yana goge hannu a wando. "Rabona ba yawa, yanki ɗaya na kek ɗin goben nan."

"Zauna, tsoho. Kafin ka hau tudu ɗaya na gama na dawo."

Maganar rabon nan tsohuwa ce. Kakanninmu ma a nan suke kama tsuntsaye, amma su don kasuwa, a jera a reshe a kai gari a soya. A wurinsu duk wanda ya tsaya ya taya ka cirewa yana da rabo a cikin kamun, kai za ka faɗa masa da bakinka, kuma idan ka faɗa ba a janyewa. Kamun ya mutu, maganar ta saura. Mu idan wani ya taya mu a raga mukan ce masa kana da rabo, a sallame shi da biskit, ko ya zaɓi tsuntsun da yake so ya sa wa zobe. Baki ne kawai yake faɗa, kamar sannu.

Renske ta ce in tafi da oba-oba don mu riƙa jin juna, hazo yana tasowa daga teku. Na maƙala ta a ƙirji na fita.

Ragogin kusa ba su ba ni wahala ba, babu komai a ciki sai ganye. Na tattara, na murɗe, na ɗaure. Iska ta kwanta. Ƙayar da ta rufe tuddan ta cika da 'ya'ya, sun nuna sun fara ruɓewa, tsaminsu yana shiga hanci. Daga nesa ina jin teku yana kai da komowa. A sama, cikin gajimare, tsuntsaye masu tafiyar dare sun fara kiran juna da siririyar murya, tsii, tsii. Wasu shanu masu dogon gashi da ake sakewa a tuddan suna tsaye a gefen hanya, duk sun juya wa kwarin da zan je baya. Na wuce su ina ce musu sannunku da aiki.

Raga ta ƙarshe tana cikin wani kwari da muke kira Tsohon Fage. Nan bukkar masu kamu na zamanin da take, yanzu saura jerin jan bulo da ya nutse a rairayi da wata bishiya da ta ranƙwafa. Hanyar siririya ce, ƙaya tana kama riga hagu da dama. Kafin in gangara hazo ya riga ni, ya kwanta a kwarin kamar nono a ƙwarya. Na ji ɗan ƙaurin hayaƙi, alhali ba mai hura wuta a tuddan nan. Sannan aka fara yayyafi.

Tun kafin in ga ragar na ji ta. Ƙananan muryoyi, da yawa.

Ta cika fal. Gungun 'yan-kambi ne hazo ya sauko da su. Su ne mafi ƙanƙanta a tsuntsayenmu, ɗaya bai fi dunƙulen sukari nauyi ba, da ɗan zanen ruwan ɗorawa a tsakiyar ka. Sun tsallako teku a gajiye suka faɗa ragar, daga wannan sanda har waccan, suna reto. Ba sai an gaya mini ba, idan gashinsu ya jiƙe sanyi yana kashe su kafin ruwan shayi ya tafasa. Aikin mutum uku ne masu lafiyar hannu.

Na kai hannu kan oba-oba. Ku zo kawai zan ce. Amma idan suka zo za su haska fitila a kan ragar, mu tsaya kafaɗa da kafaɗa, su ga yatsuna. Na sauke hannun. Na ce wa kaina bari in rage su tukuna. Girman kai rawanin tsiya, na sha faɗa wa wasu.

Na farko ya fito da kyar. Na biyu zaren ya shiga fikafikinsa ya zagaye ƙafa. Na kama ƙafafun da hagu, na kai dama in zare, sai hannun ya tashi da wata irin rawa da bai taɓa yi ba. Ragar gaba ɗaya ta ɗauka. Tsuntsayen duk suka hau girgiza tare da ni, suna kuka. Na danne wuyan hannun a ƙirji, na zage shi, na sake gwadawa. Ruwa yana bin wuyana. Ɗan tsuntsun ya kumbura gashi, ya fara lumshe ido.

Kuka na fara, ni Leida, a tsaye gaban raga.

Sai na ji taku a ɗaya gefen.

Taku mai nauyi, a hankali, jiƙaƙƙen rairayi yana ƙara a ƙarƙashinsa. Ya zo ya tsaya daidai gabana, raga a tsakaninmu. Warin taba ya iso, da na rigar ulu da ta sha ruwa. Na ce a raina Huib ne, ya biyo ni duk da na hana shi, kuma ya koma shan tabar da ya rantse wa matarsa ya bari. Ya ga komai ke nan. Ya ga rawar, ya ga hawayen. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na kafe idona a kan tsuntsun da ke hannuna na ƙi ɗagowa. Shi ma bai ce uffan ba, na kuwa gode masa a zuci da wannan kawaicin.

Ya koma can ƙarshen ragar ya fara cirewa. Ta gefen ido nake ganin hannuwansa, inuwa biyu a cikin hazo. Ban taɓa sanin Huib da irin wannan saurin ba. Taɓawa ɗaya, tsuntsu ya fita. Ragar ta fara sauƙi. Kukan yana raguwa daga can, shirun yana matsowa wajena.

Wani sanyi ya sauka a zuciyata, har na fara tsara yadda za mu koma bukka tare, in ce raga ta ɗan cika Huib ya taya ni, a ci miya a watse. Shi mutum ne mai surutu amma ba mai tona asiri ba. Kek guda zan sayo masa shi kaɗai.

"Na gode," na ce, murya ƙasa-ƙasa, ban dube shi ba. "Kana da rabo. Kada dai Renske ta ji."

Hannuwan suka tsaya.

"Kin faɗa," in ji shi.

Muryar a bushe take, kamar ana taka kara. Na ɗauka sanyi ne ya kama masa maƙogwaro.

Ya ci gaba. Ni ma na samu na zare nawa, na sa a jaka, na ce ɗan-kambi da ƙarfi, don a wurinmu duk wanda ya ciro tsuntsu sai ya faɗi sunansa kafin ya ja bakin jaka. Sai a lokacin na lura shi bai faɗi ko ɗaya ba. Bai kuma karɓi jaka ba. Jakunkunan duk suna wuyana.

Na kasa kunne.

Bayan kowane tsuntsu akwai wata 'yar ƙara. Ƙas. Kamar an latsa ɓawon gyaɗa. Sai shiru. Sai na gaba.

Ƙas.

Oba-oba ta yi ƙara a ƙirjina.

"Goggo Leida, tanti kika kafa a can?" Muryar Huib ce, da ƙarar cokali a tukunya a bayanta. "Miya ta yi zafi. In kin daɗe zan tsince naman."

Wanda ke gabana bai ko dakata ba.

Na ɗago.

Ban ga fuskarsa ba, kuma ba na fatan in gani. Hula ce mai baki ta rufe goshi, ƙarƙashinta hazo. Hannuwan dai na gan su. Manya, farare fat, kamar sun kwana a ruwa. Ya zare ɗan-kambi, ya kwantar da shi a tafi, ya ɗora babban yatsa a kan zanen ruwan ɗorawan nan, ya danna. Sannan ya zura wuyan a cikin wani tsagaggen reshe da ke rataye a ɗamararsa. Reshen ya kusa cika. Kawunansu duk gefe ɗaya suke kallo.

Duk tsawon lokacin nan ina tsaye kusa da shi ina godiya.

Na ja da baya. Maɓallin hannun rigata ya kama raga. Sabon shiga ma ya san ba a zuwa raga da maɓalli a waje, amma rigar tana da zurfin aljihu, shi ya sa na zaɓe ta. Na fizga. Zaren ya ƙara shiga.

Mai hular ya taho. Taku ɗaya, ya tsaya, ya sake ɗaya.

Hannunsa ya ratso ragar. Bai yaga ta ba, ratsowa ya yi. Ya kama wuyan hannuna na dama tsakanin yatsu biyu, yadda muke riƙe wuyan tsuntsu.

Sanyi.

Rawar ta tsaya cak.

Tun bazara ban ji hannuna ya yi shiru haka ba. Yatsuna suka miƙe. Ba daɗin faɗa, amma daɗi na ji. Na tsaya ina kallon hannun kamar ɗan da ya ɓata ya dawo gida. Ban ja ba. Ban yi ihu ba.

"Hannu mai kyau," ya ce a hankali. "Ya san aiki."

Ya zare wani ɗan-kambi da ɗaya hannun, ya sa mini a tafi. Da ɗuminsa. Zuciyarsa tana bugawa a fatata.

Babban yatsana ya tashi da kansa. Ya bi bayan tsuntsun, ya hau wuya, ya sami zanen nan, ya zauna a kai. Ya san wurin. Ni ban koya masa ba.

Sanyin ya wuce gwiwar hannu.

"Danna," in ji shi.

Hannun hagu ne ya cece ni, wanda ban taɓa yaba wa ba. Ya lalubo oba-oba ya matse. Da muryata ta fito ban gane ta ba.

"Renske, ku zo Tsohon Fage. Raga ta cika. Ba zan iya ba. Hannuna yana rawa, tun bazara yake rawa, na ɓoye muku. Ku zo."

Sanyin ya kai kafaɗa. Ragar ta lulluɓe mini fuska, tana warin taba da tsohon jini.

Na jefa jikina baya da duk nauyina.

Maɓallin ya tsinke. Na faɗi a kan bulo. Tafina ya buɗe, wani abu mai ɗumi ya fita fir ya shige ƙaya.

Daga saman tudu fitilu biyu suna gangarowa, suna tsalle.

Mai hular ya sunkuyo dab da kunnena.

"Na ɗauki rabona."

Takun ya yi nisa, a hankali, ba gaggawa.

Renske da Huib ba su tambaye ni komai ba sai da suka gama. Suka ciro sauran, suka sa su cikin riga a jikin fata don su ji ɗumi, yawancinsu kuma sun rayu. Huib ne ya tsinci reshen a jingine da bulo. Ya haska shi, ya daɗe yana kallo. Daga baya ya ce mini rabonsa da ganin irin wannan jerin tun yana yaro, a rumfar kakansa, bai kuma ƙara tayar da maganar ba. Shi ya binne tsuntsayen.

Renske ba ta ce ta yarda da labarina ba, ba ta ce ba ta yarda ba. A hanyar komawa ta riƙe ni a kafaɗa ta ce ai tun Agusta ta sani, Huib ma ya sani, jira suke in faɗa da kaina. Wato duk dabarun nan nawa, gani ake yi ana kawar da kai. Ban taɓa jin kunya irin ta tafiyar nan ba. Na ɓoye abin da kowa ya riga ya sani, kuma 'yan tsuntsayen da ke kan reshe su abin ya ƙare a kansu. A bukka aka zuba mini miya na kasa sha, na zauna kusa da murhu ina gasa hannun, ya ƙi ɗaukar zafi.

Da safe bai yi rawa ba. Washegari ma haka. Na zura zare a allura a gwajin farko. Likita ya jujjuya shi, ya sa na zana layi a takarda, ya ce bai taɓa ganin irin haka ba, sai dai ya yi mamakin sanyinsa. Renske ta yi murna har da rungumata. A makon ƙarshe kafin mu rufe aikin kaka, ta ciro jan-ƙirji daga jaka da kanta, ta sa mini a hannu, ta turo filaya gabana. Huib ya ajiye abin da yake yi ya zuba ido. Abin da na yi wata da watanni ina roƙo ke nan, ga shi a kan tebur.

Tsuntsun ya kwanta lamo. Ban yi komai ba, kallo kawai nake, babban yatsana ya fara tafiya.

Na buɗe hannun, ya fita ta taga ba zobe. Sai na ɗaga hannun a gabansu na kaɗa shi, na ce ga rawar nan ta dawo, dama hutu ta yi. Na tura wa Renske filayar. Ta karɓa, idonta ya ciko.

Har yanzu ina zuwa da asuba. Ina dafa gahawa, ina ɗaukar sanduna, ina yi wa sababbin zuwa faɗa, ko da yake bakin ya yi sanyi. An daina kafa raga a Tsohon Fage. Huib ne ya ce wurin ya cika danshi, ba wanda ya yi musu. Idan akwai ido a kaina nakan bar kofi ya yi ƙara a faranti, in zubar da kaɗan a tebur, kowa ya yi kamar bai gani ba. Rawar ƙarya tana da gajiyarwa, don sai kana tuna ta kowane lokaci.

Da bazara ta zagayo 'yar Huib ta kawo jaririyarta bukka a gan ta. Aka yi ta miƙa ta hannu zuwa hannu har aka zo kaina. An cire mata hula saboda ɗumin murhu, ga maɗigarta tana bugawa a hankali a ƙarƙashin ɗan gashi. A cikin aljihuna na ji yatsan ya motsa.

"Karɓi mana, Goggo," in ji uwar. "Ba ta da nauyi."

Na fito da hannun na kaɗa mata shi sosai, yadda kowa zai gani.

"Ba zan iya ba, 'yata," na ce. "Kin ga yadda yake yi."